Zi Biyu daga Hannun Suruki

Kusan shekara ashirin Misbahu yana auren 'yata Radiyya, ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba. In na shigo falo yana cin abinci, sai ya ajiye cokali. In na tambaye shi ƙarfe nawa, agogon hannunsa yake kallo ya ba shi amsar. Likitan zuciya ne, na ji an ce a asibitinsu ƙananan likitoci har sauya hanya suke yi in sun hango shi, amma a gidansa na Gaithersburg a Amurka, inda nake zaune da su tun rasuwar maigidana, muryarsa ba ta taɓa hawa kan tawa ba. Ni ma ba na kama sunansa a gabansa, Baban Ilham nake ce masa. Matan da ke kawo mana ziyara kan ce na yi dacen suruki. Ina amsa musu da godiya ga Allah, amma har yau ban gane yadda aka yi shirun mutum ya zama shaidar kirkinsa ba. Abin da na sani kawai, muna gida ɗaya da shi, ban san ra'ayinsa a kan komai ba.

Biriji ne ya haɗa mu tebur ɗaya. Wasan karta ne, kuma kafin wani ya tsuke fuska, ba caca ba ce, lissafi ne da riƙe abu a ka. Na koye shi a Zariya lokacin da nake koyarwa, wajen wasu malamai Turawa da ba su da abin yi da yamma. A nan kuwa duk Talata da hantsi ake yinsa, a zauren dattawa na unguwarmu. Gidan da nake na 'yata ne, motar ta surukina ce, likitan da ke duba ni ma su suka zaɓa. Kujerar nan ta Talata ita kaɗai ce abin da na samo da kaina a ƙasar nan. Sai Irene, abokiyar wasata 'yar Jos, ta tattara ta koma Houston wajen ɗanta, ta bar ni ba aboki, biriji kuwa ba ya yiwuwa sai da aboki. Radiyya ce ta tona mijinta: ashe ya iya, a kwamfuta yake yi. Dama Talata ba ya aiki, shi ke kai ni ya zauna a mota yana jira.

"Baban Ilham, za ka shigo ka zauna da ni?"

"To, Hajiya," in ji shi, yana kallon takalminsa.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ne, biyu da biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Karta iri huɗu ce, amma biyu ne suka shafi labarin nan: kubbi, mai jar zuciya, da zi, mai jan daimon. Kafin a jefa ko ɗaya sai an yi kira, wato kowane ɓangare ya nuna irin da yake so ya yi mulki da yawan zagayen da zai ci. Ba da baki ake kiran ba. Akwai ɗan akwati kusa da kowa, ka zaro katin kira ka ajiye a gabanka, koren kati kuma yana nufin ka wuce. Da waɗannan katunan kaɗai za ka sanar da abokinka abin da ke hannunka, shi ya sa masu wasan suka ƙirƙiro yarjejeniyoyi, inda kira ke ɗauke da saƙo dabam.

Wadda kowa ya sani ita ce wannan. In hannuna yana da ƙarfi kuma ba irin da na fi so, sai in buɗe da kiran da ni da Irene muke ce wa ba-sarki. In abokina yana da kubbi da yawa, ba kubbi zai kira ba, zi biyu zai ajiye. Wannan umarni ne: ke, kira kubbi. Dole in kira, ina so ko ba na so. Amfaninsa shi ne mai ƙarfin ya buga wasan kartarsa a ɓoye, mai raunin ya shimfiɗa tasa a kan tebur kowa yana gani.

Sai babbar doka, wadda ta fi ba ni mamaki tun ina budurwar malama: ba asiri. Duk abin da kuka fahimta tsakaninku, abokan hamayya suna da haƙƙin saninsa. Kowane ɓangare yana da takardar da ya rubuta yarjejeniyarsa, kuma in abokinka ya yi kira mai saƙo, kai za ka buɗe baki ka gaya musu ma'anarsa.

Ba mu daɗe da farawa ba na buɗe da ba-sarki, Misbahu ya ajiye zi biyu. Na ce wa mutanen teburin, "Kubbi," na kira kubbi biyu, kowa ya wuce. Ya shimfiɗa kartarsa. Zi ne jere reras har shida, kubbi ƙwaya ɗaya tal. Na kalli kartar, na kalli saman kansa, don shi kaɗai ake gani. Muka sha kashi.

A mota na bari sai da muka hau titi.

"Baban Ilham, ba ka karanta takardar da muka rubuta ba?"

"Na karanta, Hajiya."

"To me zi biyu yake nufi?"

"Yana nufin ki kira kubbi."

"Kana da kubbi?"

"Ba ni da shi."

Danja ta tsayar da mu. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai koyon tuƙi.

"Hajiya, wannan kiran umarni ne. Ni ba zan iya sa ki yin abu ba. Na dai nuna abin da ke hannuna, ki yi yadda kika ga ya dace."

"Da na kira kubbin fa, me ya sa ka bar ni a ciki?"

"Ai kin riga kin faɗa."

Na riƙe haɓa har muka isa gida. Mutumin da ke buɗe ƙirjin ɗan Adam ya gyara ya rufe, ya kasa ajiye ɗan kati a gaban tsohuwa.

Daga ranar na gane harshensa. Zinsa zi ne. Akwai kiran da ake tambayar aboki manyan kartarsa nawa, bai taɓa yi mini shi ba, don tambaya ce. Akwai kiraye-kirayen da ke tilasta wa aboki ya amsa, bai taɓa taɓa su ba. In na kira abu, ko rami ne, zai bar ni a ciki da ladabi. Wani lokaci hakan ya kashe mu. Amma wani lokacin, in ya ajiye zi biyu na wuce, sai mu faɗa daidai inda ba wanda ya faɗa a duk zauren, don rabon karta ɗaya ne ke zagaya duk teburan, abokan hamayya kuma suna zaune suna jiran kubbin da ba zai zo ba. Sunanmu ya fara hawa saman allo. Ni ban ɗauki wannan a matsayin yarjejeniya ba. Ba mu zauna mun ƙulla komai ba. Hali ne na sani, kamar yadda na san Irene tana tsoron manyan kira.

Constance ce ta gano mu. Tsohuwar nas ce 'yar Kafanchan, ta fi shekara arba'in a Maryland, amma in za ta yi miki baƙar magana Hausarta ta fi tawa kaifi. Sista nake ce mata. Abokin wasanta Raymond ne, baƙar fatan Amurka, tsohon lauya, kullum da alewar na'a-na'a a kumatu. Ranar da abin ya faru na buɗe da ba-sarki, Misbahu ya ajiye zi biyu, ban ce komai ba na ajiye kore. Ya buga ya ci. Constance ta ɗauki takardarmu ta sa tabarau ta karanta. An hana wani yare a tebur ban da Turanci muddin karta na hannu, don haka ta jira sai da aka tattara.

"Hajiya, takardarku ta ce kubbi."

"Takarda ce, Sista."

"Ke kuma kin wuce kamar kin leƙa hannunsa."

"Ban leƙa ba. Na san shi ne."

Ta juya ta dubi Misbahu, wanda ya sunkuyar da kai yana gyara katunan akwatinsa da suke a gyare.

"Likita, kai ne mijin Radiyya, ko?"

"Ni ne, Mama."

Ta jingina da kujera, ta cire tabarau a hankali. "Ah to. Surukuta kuka kawo teburin biriji. Turawan nan sun yi ta mamakin yadda kuke faɗawa daidai. Ni na san wannan sunkuyar da kan. Mijin ƙanwata haka ya yi wa mamanmu har ta koma ga Allah, ko gishiri bai taɓa ce mata ta miƙo ba."

Na yi dariya, na zaci hira ce. Sai na ga ta ɗaga hannu sama, alamar kiran alƙalin wasa.

"Sista, wannan ai da Hausa ma za mu gama ta."

"Da Hausa kuka fara ta, Hajiya, shi ne damuwar."

Alƙalin wasanmu Gregory ne, dogon Bature, tsohon ma'aikacin laburare, mai magana a hankali kamar har yanzu akwai masu karatu a kusa. Sadiya yake kirana, gatsal, na daɗe da haƙura. Na yi masa bayani da Turancin da na koyar da shi shekaru, na gaya masa yadda suruki yake a wajenmu. Ya saurara har ƙarshe.

"Ya taɓa yi miki kiran da ya tilasta miki amsawa?" ya tambaya.

"Bai taɓa ba."

"Ya taɓa tambayarki manyan kartarki?"

"A'a."

"Kuma kin san ba zai yi ba."

"Na san halinsa. Sanin hali ba yarjejeniya ba ce. Ba mu ƙulla komai ba."

"Doka ba ta tambaya ko kun ƙulla. In kin san abin da kiransa ke nufi, su ba su sani ba, sunansa yarjejeniyar ɓoye."

Bai ce maguɗi ba, amma teburan da ke kusa duk sun yi tsit, kuma kalmar da ke yawo a kansu ke nan. Ni, a wannan shekarun nawa.

Gregory ya soke mana cin wannan hannun, ya ce zaɓi biyu ne. Ko mu buga abin da ke takardarmu, ko kuma a kowane tebur, kafin a fara, in gaya wa mutane cewa abokina ba ya ba ni umarni, ba ya tambayata, ba ya gyara mini, saboda 'yata yake aure. Raymond ya daina tsotsar alewarsa. Na ga gumi ya tsatsafo a wuyan Misbahu.

"Kuma ku riƙe wannan," in ji Gregory. "In ɗayanku ya yi bayanin da ba daidai ba, kuma ku ne za ku buga hannun, wajibi ne ɗayan ya kira ni ya gyara kafin a buɗe kartar farko. In aka sake samun abin da aka ɓoye ko aka bari a karkace, zan miƙa ku ga kwamiti, kuma ba za ku ƙara zama a zauren nan ba. Ba na so in yi haka, Sadiya."

A gida Radiyya tana soya albasa na ba ta labari. Ta yi dariya har sai da ta rage wuta ta dafa kanta.

"Umma, wato Turawa sun ce a rubuta kunya a takarda?"

"Ba abin dariya ba ne. Kira mini shi."

Ya zo ya zauna a kan kafet, nesa da kujerata, kamar yadda ya saba.

"Baban Ilham, ba zan bi tebur-tebur ina shelar kunyarka ba kamar mai tallan maganin basir. Kuma ba zan rasa kujerata ba. Abin da ke takarda shi za ka buga. In kana da kubbi, ka umarce ni. In kana son sanin manyan kartata, ka tambaya. Ka ji?"

"To, Hajiya."

Da ya fita Radiyya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Umma, kin dai san 'to' ɗinsa. Da kika ce ya daina durƙusa miki a bakin gareji maƙwabta suna kallo, me ya ce?"

"To."

"Ya daina?"

Bai daina ba. Ko a safiyar ranar sai da ya yi, matar gidan da ke kallonmu tana ba furanninta ruwa. Na zauna na yi lissafina a natse. Mutumin da shekara ashirin ba su sauya shi ba, magana ɗaya a kan kafet ba za ta sauya shi ba. In ya ajiye zi biyu, zi ne. Abin da ya rage mini shi ne in faɗi gaskiyar da bakina in an zo wurin, sau ɗaya, a tebur ɗaya. Ba wanda zai ce na ɓoye komai. Na ji daɗin wannan shawarar ƙwarai.

Talata ta zagayo. Muka yi ta wasa, kiran bai taso ba. Har na fara sakin jiki, sai ga Constance da Raymond sun iso teburinmu, ita a damana, shi a haguna.

"Hajiya, an tashi lafiya? Likita, ya surukuta?"

"Lafiya lau, Mama," in ji shi.

Na ɗauki kartata. Hannu mai kyau, manya a ko'ina, kubbi huɗu masu ƙarfi, zi biyu ƙanana. Na ajiye ba-sarki. Raymond ya wuce. Misbahu ya kai hannu akwati, ya tsaya. Ya zaro kati ya ajiye a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Zi biyu.

Na ce a raina, ga shi nan, ya kasa, kunyar saɓa alkawari ce ta sa shi jinkiri.

Constance ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya da Turanci, "Ma'anarsa?"

Na gyara zama. Na ɗaga murya yadda teburin kusa ma zai ji, don kada gobe a ce an yi raɗa.

"Takardarmu ta ce kubbi, amma zi ne na gaske. Wannan surukina ne, ba ya ba ni umarni."

Constance ta gyaɗa kai, irin na wadda aka ba haƙƙinta. Ta ajiye kore. Na ajiye kore. Raymond ma haka. Kira ya ƙare a zi biyu, Misbahu ne zai buga, Constance ce za ta fara jefawa. Ta zaro karta ta kifa ta a tebur, yadda ake yi kafin a buɗe, ta ɗora yatsa a kai.

Misbahu bai motsa ba. Kansa ya ƙara yin ƙasa. Na ɗauka shelar da na yi ce ta dame shi, har na ji tausayinsa. Sai na ga hannunsa ya tashi sama.

"Alƙali."

Ban san muryar ba. Ba ihu ya yi ba, amma ta ratsa zauren har bango, cokulan shayi suka tsaya. Ina jin ita ce wadda ƙananan likitoci suke gudu. Gregory ya taho da littafin dokokinsa a hammata.

Misbahu ya ɗago kai. Ya dube ni, ni ɗin, ido cikin ido. Ashe idanunsa ba baƙaƙe ba ne sosai, ruwan ƙasa ne, irin na jikata Ilham. Na yi shekaru ina cewa yarinyar nan ban san inda ta samo idanu ba.

"Bayanin da abokiyar wasata ta yi kuskure ne," ya ce da Turanci, kalma bayan kalma. "Tun makon jiya yarjejeniyarmu ita ce abin da ke takarda. Zi biyu umarni ne ta kira kubbi."

Abokiyar wasata. Kuskure. A gaban zaure cike da mutane. Wadda ta fara samun bakin magana Constance ce, kuma doka ta fice mata daga kai, da Hausa ta yi, ƙasa-ƙasa.

"Likita, a gaban jama'a?"

"Turanci kawai, Constance," in ji Gregory. Ya juyo gare ni. "Sadiya, haka kuka yi da shi?"

Nan na ga inda muke tsaye. Da ya yi shiru, kafin zagaye uku kartarsa za ta tona cewa bayanina ba daidai ba ne kuma ya bar shi, mu tafi kwamiti. Da ya yi abin da kowane suruki mai tarbiyya zai yi, ya ce shi ne ya zaro katin da ba shi ba don ya rufa mini asiri, ya yi ƙarya ke nan, kuma Gregory ba yaro ba ne. Hanya ɗaya ce ta bar mini kujerata, ita ce wadda ya bi, ta kan fuskata. Yanzu kuma saura ni. In na ce ba haka muka yi ba, na mai da shi maƙaryaci.

"Haka muka yi," na ce. "Ni na sa shi."

Gregory ya buɗe littafinsa ya duba, ya ce tunda Raymond ne ya wuce a ƙarshe bisa bayanin da ba daidai ba, yana iya janye korensa ya yi wani kiran. Raymond ya dubi kartarsa, ya juya alewarsa zuwa ɗaya kumatun.

"Ina nan a inda nake," in ji shi. Lauya ne.

Constance ta buɗe kartarta, na shimfiɗa tawa. Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne, yanka ne. Kubbi shida ne a hannun Misbahu, da nawa huɗu goma ke nan, ga shi mun naɗa zi sarauta, mu da ba mu da shi sai ƙwaya huɗu tsakaninmu. Duk kubbin da ya jefa sai su sare shi da ɗan ƙaramin zi. Ya buga har ƙarshe, kansa ya koma ƙasa inda ya saba. Duk sauran teburan kubbi suka kira suka ci. Mu kaɗai muka tashi da sifili.

Gregory ya tsaya a kanmu har aka gama. Ya dubi sakamakon, ya rufe littafinsa.

"Ba abin da zan ƙara a kan wannan," ya ce. "An gyara a kan lokaci. Sai Talata, Sadiya. Sai Talata, Dokta."

A wajen rataye riguna Constance ta matso kusa da ni tana saka hannun kwat ɗinta. Har yanzu fuskarta ba ta dawo daidai ba.

"Hajiya, wallahi ni na ji kunya a madadinki."

"Ke kika kira alƙali, Sista."

"Na kira alƙali, ban ce yaro ya ɗaga ido ba." Ta girgiza kai. "Shekara arba'in a ƙasar nan, ban ga irin wannan ba. In mamanmu ce, da sai an yayyafa mata ruwa."

A mota bai tada inji ba. Ya zauna hannuwansa a cinya.

"Hajiya, ki gafarce ni."

"Me ka yi?"

"Abin da na faɗa."

"Ƙarya ka faɗa?"

"A'a."

"To tada mota. Ni na yi maka lissafi ba daidai ba. Daga yau in na yi kuskure a tebur, ka faɗa. Aboki nake nema, ba mai gadi ba."

"To, Hajiya."

Na ji 'to' ɗin na bar shi a inda nake barin sauran. Muka fita daga wajen ajiye motoci, muka bi ta gaban kantin da Radiyya ke sayen garin rogo da manja. Zuciyata ba ta gama sauka ba, ina ta ganin idanun nan masu ruwan ƙasa. A danjar da ya taɓa gaya mini cewa ba zai iya sa ni yin abu ba, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, tunda kin ce a faɗa."

"Ina ji."

"A hannu na huɗu, da kika fito da sarkin zi. Da kin riƙe shi, ba za su ci ba."

Na juyo gaba ɗaya na dube shi. Idonsa yana kan titi.

"Kuma makon jiya, da kika kira wasan kubbi ke kaɗai, hannunki bai kai ba. Sa'a muka yi. Kuma kina yawan buɗe ba-sarki da hannun da ya gaza ƙa'ida, in kin ga mutanen teburin ba su da ƙarfi. Tun lokacin Anti Irene kike yi, ina ganin sakamakonku a intanet ina zaune a mota."

"Tun lokacin Irene."

"E, Hajiya. Sai kuma maganar yadda kike zubar da ƙananan karta."

Danja ta ba da hannu. Bai tsaya ba. Da ladabi yake yi, kowace jimla da Hajiya a gabanta, amma bai tsaya ba har muka shiga layinmu, har ƙofar gareji ta ɗaga. Ya fito da sauri ya zagayo ya buɗe mini ƙofa, ya durƙusa kamar kullum, matar gidan da ke kallonmu tana tsaye da bututun ruwanta.

Radiyya ta tare ni a ƙofar kicin.

"Umma, lafiya? An kore ku ne?"

"Ba a kore mu ba."

"To me ya faru? Kin ga fuskarki kuwa?"

"Mijinki yana magana," na ce.

Na wuce ɗakina na zauna a bakin gado, ko mayafi ban cire ba. Na sake jera hannu na huɗu a kaina, karta bayan karta, abin da abokan hamayya suka jefa, abin da ya rage a tebur. Na jera shi ta wata hanyar ko zan sami mafita. Sarkin zi ɗin bai kamata ya fito ba.